Sarauniyar da Mijin Yayata Ya Taɓa

Mijin yayata mai gyaran agogo ne, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce ches, wato darar Turawa. Shekara goma sha takwas yana nazarin wasa ɗaya tak, na wasu gwanaye biyu, wanda ya yanko daga tsohuwar jarida. Ko shi ɗin ma bai taɓa wuce motsi goma sha biyun farko ba, wai buɗe wasa shi ne komai. Allon na nan kan teburin shagonsa, tsakanin batura da madaurin agogo. Ya tura soja, ya dawo da shi. Ya ɗaga doki, ya yi tsaki, ya mayar. Agogunan mutane kuwa sai su yi wata uku a aljihun tebur.

Masu shagunan layin kuwa "Gwani" suke kiransa, har cikin ransu, kuma ban da wannan suna ba shi da wani abin tinƙaho a duniya. Alhali bai taɓa karawa da kowa ba. In na ce mu buga, sai ya ce, "Kai, ba zan ɓata hannuna ba." Haushinsa nake ji, ban kuma taɓa ɓoyewa ba.

Da aka shirya gasa a ɗakin taron makarantar bayan layi, tela da mai walda suka rubuta sunansa ba da saninsa ba. Ranar suka rufe shaguna, suka raka shi.

Aka haɗa shi da wata dattijuwa, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. A motsi na shida ta yi abin da babu a jaridarsa.

"Baiwar Allah, ai ba haka ake yi ba," in ji shi.

"Ni dai haka na yi," ta ce.

Sai hannunsa ya yi abin da ya saba a shago: ya ɗaga sarauniya, wadda ta fi kowa ƙarfi a allon, ya jujjuya ta, ya mayar gurbinta.

Alƙalin wasa ya matso. "Malam, abin da ka taɓa shi za ka motsa."

Duk inda ya kai ta cinye ta za a yi. Aka kuwa cinye, wasan bai yi minti ashirin ba.

A bakin ƙofa ya tare hanya yana ta bayanin yadda matar ta saɓa ƙa'idar manya. Tela ya kewaye shi, ya russuna wa dattijuwar. "Mama, ko za ki riƙa koya mana ran Asabar?"

Mai walda ya taɓa kafaɗar mijin yayata. "Mai agogo, ɗan matsa ta wuce."