Tagulla a Cikin Toka

A Gumel, in ka ce Malam Hussaini kake nema za a tambaye ka wanne, don Hussainin suna da yawa. Amma in ka ce Hussaini Mai Zubi, ko ɗan acaɓan da ya sauka garin jiya zai kai ka ƙofar maƙerarsa. Dogo ne siriri, ya doshi saba'in, bayan hannayensa duk tabon tartsatsi. Ba shi da yawan magana, sai dai taurin kai. Matarsa Rahama ta sha faɗa cewa da za a sa kan nan nasa a kasko, da gawayin Gumel ya ƙare bai narke ba.

Zubin tagulla gado ya yi wurin mahaifinsa, Maƙeri Kawu. Tun yana ƙarami ya koyi yadda ake murza kakin zuma a fitar da siffar abin da ake so, munduwa ce ko zobe, a shafe ta da yumɓu mai laushi, a sake lulluɓewa da wanda aka kwaɓa da kashin jaki, a bar ƴar kafa a sama. In yumɓun ya bushe sai a gasa shi, kakin ya narke ya tsiyaye, ya bar gurbinsa. Cikin gurbin nan ake zuba narkakkiyar tagulla, in ta huce a fasa yumɓun a ciro abin. Zubi ɗaya ake yi, ba a cewa bari in sake.

Abu biyu Maƙeri Kawu ya bar masa. Na farko injin murza ne na hannu, wanda aka ɗauko daga Damagaram a kan raƙumi tun kafin a haifi Hussaini. Tsohuwa suke ce masa. Ƙarafa ne biyu mulmulallu, ɗaya bisa ɗaya. A sa sandar tagulla tsakaninsu a juya hannu, ta fito ta ɗan baje, a mayar da ita wuta ta yi ja don kada ta tsage, a matse ƙarafan a sake turawa, har ta koma falle ko siririyar waya. Tana kuka kamar tsohuwar ƙofa, amma ba ta taɓa kwana da aiki ba.

Na biyun ƙa'ida ce, kuma ta fi injin nauyi. Duk wanda ya kawo tagullarsa a sake masa ita, to tasa zai karɓa, ba a haɗa masa da ta wani ko ƙwaya ɗaya. Akan share wurin zubi a shimfiɗa sabon rairayi. Akan ɗora tagullar a ma'auni a gaban mai ita, a zuba tsakuwa a ɗaya gefen har su yi daidai, a ƙulle tsakuwar a tsumma a ba shi ya tafi da ita. Ranar karɓa sai a sake aunawa. Tsakuwa ɗaya cikin ashirin rabon wuta ce, kowa ya san wuta sai ta lasa. Bayan wannan babu uzuri.

Duniya ta canza, mundaye masu ƙyalli na shago sun cika kasuwa, ƴan mata ba sa waiwayar masu nauyi. Ƴaƴansa maza biyu kowa ya kama gabansa, Anas yana aikin asibiti a Gagarawa, Abdulfatah yana jan babbar mota a Maigatari. Malam Hussaini bai taɓa yi musu baki ba. Ya koma zuba wa masu injin niƙa da masu injin ban ruwa ƙananan ƙarafan da suka cinye, daga tsofaffin kawunan famfo da yake saye a buhu. Ƙanensa Siddiq, wanda shi ma furfura ta gama da shi, shi ke juya masa wilin keken da ya maye gurbin zuga-zugi. Tuwo bai taɓa yankewa a gidan ba, kuma shi a wurinsa wannan ya isa abin godiya.

Daminar bara waccan ce wata Bafillatana mai suna Lauratu ta zo daga wata ruga kusa da Ɗanzomo. Ta kwance bakin zane ta fito da munduwa guda, katuwa, jawur, ta suɗe saboda daɗewa a hannu.

"Baba, ta Innata ce, ita kaɗai ta bar mini," in ji ta. "Ƴaƴana mata biyu, munduwa ɗaya. In na ba wannan, waccan za ta ce na ƙi ta. A raba musu ita biyu. Amma don Allah kada a haɗa da komai."

Shi jinin Mangawa ne, Fulani abokan wasansa, don haka ya ce, "Ku da ko nononku sai kun ƙara masa ruwa, ke ce mai cewa kada a haɗa?"

"Ai shi ya sa na wuce maƙera uku na zo wurin Bamange," ta ce. "An ce rowa ba ta barinku ku ƙara wa mutum komai."

Siddiq ya yi dariya har da tari. Aka auna, tsakuwa arba'in cif. Sannan ta faɗi inda gizo ke saƙa. Babbar ƴarta da ke aure can cikin Nijar ta zo ganin gida, kuma Alhamis mai zuwa za ta bi motar kasuwar Maigatari ta koma, sai Allah ya san ranar dawowarta. Kwana shida ke nan. Malam Hussaini ya san a tsakiyar damina yumɓu ba ya bushewa ƙasa da kwana goma. Duk da haka ya ce ta dawo Laraba da la'asar.

Da ya shiga gida Rahama ta ce, "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya."

Ya ce shekara hamsin yana wannan aiki, yumɓu ya san hannunsa. Ita kuwa ta ci gaba da tsince wakenta.

Ruwa ya yi ta zuba a makon nan kamar da gayya. Ranar Laraba da hantsi ya ƙwanƙwasa yumɓun da farce, ya ji bai yi amon busasshe ba, amma ya ce ya yi. Suka gasa, kaki ya fita. Munduwar Innar Lauratu ta narke a kasko, tana juyi tana walƙiya. Ya kama kaskon da awartaki, ya yi bismilla, ya karkata. Sai ji suka yi fau! Yumɓun farko ya tsage, ya buge na biyun, narkakkiyar tagulla ta fantsama cikin rairayi da toka, ta zama ƙwayoyi ƙanana, wasu kamar wake, wasu ba su kai gero ba. Allah ya tsare babu wanda ya ƙone.

Malam Hussaini ya zauna daɓas. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da yake. Siddiq ya dubi buhun kawunan famfo, ya rage murya.

"Yaya, mu tsinci manyan, mu cika da wancan. In aka goge da tsamiya da toka, wa zai gane? Ita ma hankalinta zai fi kwanciya."

Gaskiya ita ce maganar ta shige shi. Siddiq ba mugu ba ne, kuma abin da ya faɗa haka yake, babu mai ganewa. Har ya miƙa hannu ya ɗauko kan famfo ɗaya yana jujjuya shi. Amma ya tuna matar nan ba nauyi ta zo nema ba, hannun uwarta take so ya taɓa hannun ƴaƴanta. Ya jefa shi cikin buhu, ya ce, "Siddiq, in ita ba ta gane ba, ni fa?"

Rahama ta ji ƙarar, tana tsaye a bakin ƙofa, don a gidan Maƙeri Kawu mata ba sa shiga maƙera. Kowa ya zaci za ta ce ai na faɗa maka. Ba ta faɗa ba, kuma har yau yana gode mata wannan shirun.

"Ku bar tsinta da hannu, ba za ku gama ba sai baɗi," ta ce. "Ku kwaso mini tokar da rairayin duka, kada ku bar komai."

Daro huɗu suka fitar tsakar gida. Ta kira maƙwabta biyu, suka tankaɗe da rariya, suka bakace a faifai. Abin da ya rage ta zuba a ƙwarya da ruwa tana regewa yadda ake rege shinkafa, rairayi yana bin ruwa, jajayen ƙwayoyi suna kwanciya a ƙasa. Mutumin da ya shekara hamsin a bakin wuta yana tsugune a gefe, aikinsa miƙo ruwa.

A haka Lauratu ta same su. Ya tare ta a zaure ya faɗa mata komai, har da cewa an gargaɗe shi bai ji ba. Hawaye ya zubo mata, ta goge da gefen mayafi. Can ta ce, "Ina tagullar take?" Ya nuna mata tsakar gida. Ta shiga, ta gyara ɗaurin zane, ta karɓi ƙwarya daga hannun Rahama.

Kafin magariba aka auna. Bayan an cire biyu na wuta, saura nauyin tsakuwa uku babu. Lauratu ta ce ta yafe, Inna ta bar musu tsaraba. Shi kuwa ya roƙe ta ta bar masa tsakuwar ukun. Da ya ce sabon yumɓu sai ya yi mako biyu, ta yi murmushi ta ce dama neman dalilin da zai tsayar mata da ƴarta take yi, za a kira mijin a waya a ba shi haƙuri. Wannan karon ya bar yumɓu ya bushe har ya yi amo. Mundaye biyu suka fito sumul, sun ɗan fi yadda aka so siranta, kowace ƴa ta sa tata.

Magana ta ƙare a wurin kowa ban da shi. Ya mayar da murhu ɗaya kusurwar, ya kewaye inda abin ya faru da tubali, ya hana a zuba komai a can. Kullum da safe sai ya kankaro ƙasar wurin ko ya binciki tsagar bango, ya kai wa Rahama ta rege. Wata rana a samu ƙwaya biyu, wani lokaci a yi wata guda ba a ga komai ba. Tsakuwar uku kuwa suna aljihunsa, har Rahama ta gaji da ɗinke masa aljihu, ta ce ko jaki ya san lokacin sauke kaya.

Bana, bayan an yi girbi, ƙwayoyin da aka tara suka yi daidai da tsakuwar uku a ma'auni. Ya narka ƙwayoyin a ƙaramin kasko, ya zuba ƴar sanda, ya ba Tsohuwa. Siddiq yana juyawa, tana kuka, shi yana mayarwa wuta yana sake turawa, har sandar ta koma siririyar waya. Ya lanƙwasa ta ta zama zobe.

Ya hau acaɓa har rugar su Lauratu. Ya same ta da goyon jika, wadda ƙaramar ƴarta ta haifa, aka sa mata sunan Inna, Halimatussa'adiya. Ya ajiye zoben da tsakuwa uku a kan tabarma. Ta dube su, ta dube shi.

"Baba, ni fa na yafe tun ranar," ta ce.

"Kin yafe naki," ya ce, yana nuna jaririyar. "Wannan ba a tambaye ta ba."

Zoben ya yi wa jaririyar yawa, sai aka zura shi a zare aka rataya mata a wuya. Lauratu ta dama masa fura da kindirmo, ta rantse ba ta ƙara ruwa ba. Ya sha har ya ƙoshi.

A hanyar komawa, sun wuce Sule Tankarkar, ya sa hannu a aljihu kamar yadda ya saba shekara biyu, ya ji babu komai. Ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har mai acaɓan ya rage gudu yana tambaya, "Baba, lafiya? Wani abu ya faɗi ne?"

"A'a, ɗana," in ji shi. "Mu je gida. Ban gama yi wa uwargida godiya ba."