Tambayar da Loretha Ba Ta Yi Ba

Shekara ashirin da biyu Loretha Pickens ta yi tana feɗe tarwada a masana'antar da ke bakin garinmu, nan jihar Misisipi a Amurka. Ba mai yawan magana ba ce. A coci layi na uku take zama, ko waƙa ake sai ka matso za ka ji muryarta.

Mijinta Odell makaniken tarakta ne, mutum mai barkwanci. Shekara shida da suka wuce ya kwanta asibiti a birni, ya dawo da kwalbar magani da ciwon da ba a kiran sunansa a garin nan, ƙanjamau. Aka auna Loretha, ba ta ɗauka ba. Likita ya ce muddin Odell na shan maganinsa kullum, ba abin da zai same ta. Odell kuwa yana sha in ya tuna. Ranar Juma'a da ta Asabar bai cika tunawa ba.

Ta fara da ƙwayar rigakafi ta kullum, ƙodarta ta ƙi. Sai aka mai da ita kan allura, sau ɗaya duk wata biyu, a wani ƙaramin asibiti mai nisan mil arba'in, inda ba wanda ya san motarta. Nas ɗin wurin, Verlene, sai da ta yi wata uku tana fafatawa da kamfanin inshora kafin suka yarda za su biya.

"Ki riƙe ranar nan kamar Kirsimeti," in ji Verlene. "Kwana bakwai gaba, kwana bakwai baya. Kada ki wuce haka."

Shekara biyu ba ta taɓa wucewa ba.

Duk watan Nuwamba akan kafa tebur a ɗakin cin abinci na masana'anta. Wakilin inshora ya zauna da takardu, ma'aikata su bi layi, kowa ya zaɓi tsarin da zai bi baɗi. Bara an sauya kamfanin inshora, aka kawo tsari uku sababbi. Bayan Loretha a layi kuwa Earline ce, ƙanwar Odell, haɓarta kusan a kafaɗar Loretha.

"Matarmu, yi sauri mana, sai ka ce mai zaɓen miji. Wancan zaɓen ma ai kin faɗi."

"Yayanki ne dai."

"Shi ya sa na sani."

Wakilin ya ɗago kai. "Madam, akwai maganin da kike karɓa a kai a kai? Faɗa mini sunansa in duba wane tsari ke biya."

Sunan allurar yana bakinta. Earline kuma tana riƙe da waya, kuma ba ta jin kalma ta bar ta ba ta bincika ba.

"Na hawan jini ne kawai," Loretha ta ce.

"To ɗauki na tsakiya, shi mutane suka fi ɗauka."

Ta sa hannu.

A watan Janairu Verlene ta kira ta lokacin hutun rana. Loretha ta fita bayan ɗakin ƙanƙara ta amsa.

"Sabon kamfanin sun ƙi biyan allurarki, 'yar'uwa. Wai ki fara gwada ƙwaya tukuna. Na aika musu takardar ƙodarki. Sashensu na asibiti sun ce magani ne, a je sashen magunguna. Can kuma sun ce allura ce, a koma sashen asibiti."

"Ba a iya sauya tsarin?"

"Sai Nuwamba. Tsari na farko a takardar nan, shi ke biya ba gardama. Me ya hana ki tambaya?"

Loretha ta dubi takalmin robarta. Ta ce hutu ya ƙare.

Ranar allura ta zo ta wuce, kwana bakwai suka bi ta. Verlene ta faɗa mata maganin ba ya barin jiki lokaci ɗaya, a hankali yake tsiyayewa wata da watanni, kuma in cutar ta shiga a wannan tsakanin tana iya yin taurin kai, ta ƙi jin magani. A Afrilu aka sake ƙi. A Yuni Verlene ta yi ritaya. Wadda ta gaje ta tana da kirki, amma kullum sai an fara mata labarin daga farko.

Yanzu kowace safiya Loretha kan ajiye ƙwayar Odell a gefen kwanon kununsa na masara, ta tsaya a kansa.

"Retha, yaushe kika shiga aikin ɗan sanda?"

"Buɗe bakin in gani."

Yana buɗewa, in ya karya a gida. Wata Lahadi ta fitar da keken ɗinki daga ƙaramin ɗaki ta sa gado, ta koma kwana can. Odell ya tsaya a ƙofa ya daɗe yana kallo. Ranar bai yi barkwanci ba.

Nuwamba ta dawo, aka kafa tebur. An sake sauya sunayen tsare-tsaren, babu na farkon da Verlene ta faɗa. Loretha ta rubuta sunan allurar a guntuwar takarda ta sa a aljihu, don ta miƙa ba sai ta furta ba. Saura mutum biyu a gabanta.

"Matarmu, me ke cikin aljihun nan kike ta dafewa tun ɗazu?" Earline ta ce daga bayanta. "Wasiƙar saurayi ce? Mu gani."

Loretha ta zaro hannunta, ba komai a ciki. Layi ya matsa.