Jaruman Falonmu da Akwatin Gem

Ranar wata Alhamis, a shekara ta biyu da aurenmu, maigidana ya dawo daga kasuwar Maigatari da kwali ɗaure a bayan babur. Da zai fita na roƙe shi ya taho mini da tukunyar ƙarfe da man shanu. Babu wanda ya iso Gumel a cikinsu. Abin da ya iso wani akwati ne ruwan toka, bai fi tire faɗi ba, da igiyoyi, da faifai guda mai hoton wani mutum riƙe da tocila. Ya ce gem ne, wani Badamagare ya sayar masa.

Na ce, "To, a cikinsa za mu dafa tuwon?"

Ya ce, "Ke ba ki san abin duniya ba."

Ƙarshen shekarun casa'in ke nan. Yana aiki a sashen gona a Sule Tankarkar, ya fita da safe sai bayan la'asar. Daga ranar, da ya dawo ya ci abinci, in dai akwai wuta, sai ya jona akwatin da talabijin, abokansa biyu su yi sallama.

Labarin cikin faifan ba shi da wuyar ganewa. Wani mutum ne ya farka a tsohon asibiti, babu kowa sai gawarwaki da suka ƙi kwanciya, suna jan ƙafa suna nishi. An ba shi tocila da 'yar bindiga da harsashi kaɗan. Ƙofofi a kulle, makullai a warwatse. Mai riƙe da hannun, wato abin latsawar nan mai igiya, shi zai fitar da mutumin da ransa.

Abokin farko direban babbar mota ne mai zuwa Damagaram. Damtsensa cike da kambu, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya ji labarin yadda ya kori 'yan fashi da ƙarfen jak shi kaɗai. Yawan 'yan fashin kan ƙaru gwargwadon yawan masu sauraro. Na biyun malamin firamare ne a Gagarawa, shi ne mai Turancin majalisar. Duk takardar da mutumin cikin gem ya tsinta, shi ke gyara murya ya fassara.

Ni kuwa ina bakin ƙofa bayan labule ina tsintar wake, ina ganin komai.

Direban ne ya fara karɓar hannun. Gawa ta farko da ta leƙo, ya juye mata harsashin duka, rabi a bango. Ya shiga wani dogon lungu yana cewa su fito in sun isa. Sai taga ta fashe, wani abu ya faɗo ciki. Mai korar 'yan fashi ya yi jifa da hannun, ya ture jug ɗin zoɓona, hularsa ta faɗa ciki. Da ya dawo hayyacinsa ya ce lantarki ne ya ja shi.

Mako uku suna haka ba su bar hawan ƙasa na asibitin ba. Su harbe, harsashi ya ƙare, a cinye su, su sake. Wata rana na hango wani abu yana ƙyalli a kan teburin cikin gem ɗin, sun wuce shi ya fi sau goma. Na ce, "Maigida, kamar makulli ne can a kan tebur."

Ya ce, "Ki bar mu, wannan ba aikin mata ba ne."

Direban ya ƙara da cewa, "Amarya, koma ciki, kada ki yi mugun mafarki."

Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce daga wajen Filato, kowa Sista yake ce mata. Makon da take aikin yamma, takan shigo da hantsi mu yi hira. Ran nan ta same ni ina goge akwatin, na ba ta labarin hular direba, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Kunna mu gani mana."

Na riƙe hannun, ita tana karanta takardu. A ta farko ta tsaya.

"Me malamin ya ce an rubuta a nan?"

"Wai duk abin da ya motsa a harbe shi."

"Kai, Allah ya ji ƙan yaran Gagarawa. Cewa aka yi ƙarar bindiga ke jawo su, kuma in ka kashe tocila ba sa ganin ka."

A safiyar nan muka ɗauki makullin, muka hau bene.

Sai da na riƙe da kaina na gane abin da ke cikinsa, wanda su uku ba su taɓa ɗanɗana ba don ihu ya hana su. Daɗin yana cikin shiru. Ka tsaya bakin ƙofa kana jin nishi a bayanta, harsashi biyu ya rage maka, kana shawara da zuciyarka: in buɗe, ko in koma in zagaya? Sai in ji kamar ni ce a cikin duhun, alhali ga rana tsaka a tsakar gidana, ga kaji suna tonon ƙasa. Tsoro ne na gaske, amma wanda kai ka kira shi, kuma in ya ishe ka ka latsa ya tsaya ka je ka duba tukunya. Tattalin harsashi kuwa ba baƙon abu ba ne ga macen da ta san yadda ake jan ƙullin daddawa ɗaya ya kai mako. Sannan akwai wani ɗan ɗaki mai fitila inda babu abin da ke shiga, a nan ake ajiye inda aka tsaya a cikin wani ɗan kati da ke maƙale jikin akwatin. Numfashin da mutum ke saukewa in ya rufe ƙofar ɗakin nan, ban san da me zan kwatanta shi ba.

Sista, wadda ta sha rufe gawa ta gaske da hannunta, ita ce ke damƙe mini kafaɗa har sai na ce ta sassauta. Tana yi tana faɗa: "Wace shugabar jinya ce ta bar ɗaki da wannan ƙazanta?"

Kwana biyar muka kai hawa na uku, da babbar bindiga da aljihu cike. Kullum mukan fara daga inda muka ajiye, su kuwa ba su ma san amfanin katin ba, sabo suke farawa. Sai ran da yatsan maigida ya kuskure, ya buɗe ajiyarmu. Ga mutumin tsaye a wurin da ba su taɓa gani ba. Maigida ya waiwayo ya dubi labule. Na duƙufa a kan wakena.

Malamin ya ce, "Wa ya kawo shi nan?"

Maigidana, ba ko tari, ya ce, "Da asuba na ɗan taɓa kafin in fita."

Suka yi ta yaba masa, suka ce ya ci gaba. Ya nufi ɗakin ajiye gawa kai tsaye, wanda mu muka zagaye don Sista ta karanta gargaɗin da ke ƙofar. Direban ya fizge hannun ya yi ta ɓarin wuta har bindigar ta yi shiru. Da ƙyar ya ja mutumin, yana ɗingishi, ya faɗa ɗakin fitila. Rubutu ya fito, malamin ya ce a latsa kawai. Suka ajiye ɓarnarsu a kan aikinmu na kwana biyar.

Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba. Na gyara mayafi, na durƙusa gefen maigida, na ce, "Ba ni."

Wataƙila kunyar baƙi ce ta hana shi musu. Ya miƙo.

Na kashe tocilar. Na bi jikin bango a hankali, ba harsashi ko ɗaya, na wuce gawa huɗu suna ta lalube. Na shiga ɗakin magani da na sani, na ɗaure wa mutumin rauninsa, na ɗauko makullin da muka bari don gobe.

Can direban ya ce, "Wannan ai gudu ne, ba jarumta ba."

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji. Jarumtar ai ta ƙare tare da harsashin."

Malamin ya gyara zama ya ce dama shi tun farko ya so ya ce a kashe tocila, ba a ba shi dama ba ne.

Ba su ƙara sa faifan ba. Alhamis ta gaba maigida ya kawo na ƙwallon ƙafa, inda mutum zai yi ihu son ransa kuma in an ci shi ya ɗora wa alƙalin wasa. Ni da Sista muka ƙarasa namu wata Talata dab da azahar. Mutumin ya buɗe ƙofar waje, gari ya waye masa, rubutu ya yi ta hawa sama. Sista ta ce, "Shi ke nan? Ko sannu babu?" Muka zauna jugum kamar an sallami baƙon da aka saba da shi, har sai da na jiyo ƙaurin shinkafata.

Da yamma na gaya wa maigida mun gama. Ya ce, "Madalla. Ai sai da muka share muku hanya." Ya tambaya ko akwai sauran ƙanzo.