Ranar da Na Kai Bas Gayya

Lokacin da na fara aiki a Dutse, ina da majalisa a gindin wata darbejiya, kusa da teburin mai shayi. Da na doso sai a hau ɗaga hannu, ana cewa, “Ga na kowa nan.” Ni kuwa kaina ya fasu. Na ɗauka duk wanda ya san yadda nake son shayina, to, abokina ne.

Wata damina ciwon ƙafa ya kwantar da Baba a ƙauyenmu, can wajen Buji, ciyawa kuma ta taso za ta cinye masa gero. Gonar nan ita ce abincin gidanmu na shekara. Da ya ce a nemo 'yan ƙwadago, sai bakina ya riga hankalina.

“Baba, ina da jama'a a Dutse. Gayya zan kira.”

Ya dube ni ya ce to. Na ce wa Inna ta dama fura, ta tuƙa tuwo kamar na biki.

A majalisa ban ma gama bayani ba aka amshe. Wannan ya ce gonar Baba ai gonarsu ce, wancan ya ce da fartanya a hannu aka haife shi. Daɗi ya kwashe ni, na je na ɗauki shatar bas sukutum.

Ranar Asabar da safe, a tasha, daga ni sai direba. Wayoyin mutanena duk a kashe, sai mutum ɗaya da ya turo mini doguwar addu'a, Allah Ya ba da damina mai albarka. Da rana ta ɗaga, direba ya ce, “Yallaɓai, mu tafi ne, ko mu jira geron ya nuna?” Haka na hakimce a gaba, kujeru na bina a baya babu kowa, ina ta tsara ƙaryar da zan yi wa Baba.

Muna isa na tarar da mutane sunkuye a gona, har an ci rabinta. Wanda ke gaba abokin yarintata ne, wanda muka yi kiwon awaki tare. A Dutse yake tuƙa adaidaita. Ban gayyace shi ba, domin in ya wuce ta majalisa ya danna mini hon, cewa nake yi, “Wani ɗan garinmu ne.” A bakin tsohuwarsa ya ji Baba na kwance, ya ajiye sana'arsa ya taho, ya tattaro samarin unguwa.

Baba na zaune a inuwa, sandarsa a gefe. Ya ce, “Ina jama'ar Dutsen?”

Kafin in buɗe baki abokin nan nawa ya ɗago yana share gumi. “Ga ta nan, Baba. Ni daga Dutse nake, shi ya turo ni gaba.”

Baba ya kalli bas, ya kalle ni, ya sa mana albarka ni da abokina. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da muka yi nisa da Baba, abokin nawa ya miƙo mini fartanya ya ce, “Sarkin Noma, a cire agogon.” Ban daɗe ba tafin hannuna ya ɗuri ruwa. Direba kuwa shi ya fi kowa cin tuwon Inna.

Geron ya yi kyau a shekarar. Ranar Litinin bayan gayyar na koma majalisa, aka ɗaga hannu, aka ce ga na kowa nan, aka tambaye ni ya gayya. Na ce alhamdulillahi, har na sa aka zuba wa kowa shayi, don wauta ba ta sakin mutum a rana ɗaya.

Abokin nan nawa kuwa har yau bai taɓa faɗa wa kowa gaskiyar abin ba. Amma duk inda ya gan ni a bakin titi sai ya taka birki, ya leƙo ya ce, “Sarkin Noma, kai kaɗai ne, ko in jira jama'arka?”