Baba Sodangi da Ƙofar da Yake Wucewa

Duk ranar Lahadi, da zarar masallatan Sakkwato sun idar da sallar asuba mutane sun fara watsewa, sai Baba Sodangi ya ɗauki sandarsa ya fito. Ba ya fitowa kafin nan, ya ce bai dace muryarsa ta shiga cikin ibadar maƙwabta ba. Daga bayan Bariki yake farawa, inda masu dafa wa Turawa abinci da masu yi musu shara suke kwana, ya gangaro layin leburori, ya ratsa ta wajen majema, ya ƙare a rumfar da muke sujada. Kowace ƙofa ya isa sai ya buga sanda a ƙasa ya kira mai ɗakin. Ba "kai yaro" yake cewa ba. Sunan da uwar yaro ta raɗa masa shi yake kira, na Yarbawa ne, ko na Ibo, ko na Dakarkari, ko da kuwa harshensa zai harɗe.

Mu Kiristocin garin nan ba mu da yawa, kuma kusan dukkanmu baƙi ne, samarin da aikin Nasara ya kwaso daga garuruwansu ya zube a nan. Ba mu da ƙararrawa. Rumfar ma aro ce, Sahabi mahauci ya ba mu. A da fatu yake shanyawa a ciki, har yau kuwa in damina ta yi nisa hancinmu yakan tuna mana. Saboda haka Baba Sodangi ne ƙararrawarmu, tun Turawa ba su daɗe da zama a Sakkwato ba, har zuwa bana da ƙafafunsa suka ce sun gaji.

Ɗan ƙasar nan ne, haifaffen wani ƙauye a bakin Rima. An kama shi yana yaro a wani hari, aka sayar da shi can kudu. A can ya sami 'yanci, a can kuma ya ji bishara ya karɓa. Ya dawo gida da gemunsa bai tarar da kowa nasa ba, sai ya kama wanki da guga a Bariki. Ba wanda ya naɗa shi komai a majami'a, ba wanda ya taɓa biyansa. Shi dai ya ga abin da baƙunci ke yi wa saurayi, ga albashi a hannu, ba uwa ba uba, ga burukutu ga caca. Ya sha faɗa mana cewa yaron da ba mai kiran sunansa a gari ɓata zai yi.

Waɗanda suka gani da idonsu suna nan da ransu. A shekarar agana, wani yaro Bayarabe mai suna Ladipo, ɗan koyon kafinta, ya kwanta. Abokan ɗakinsa suka tsere, aka kai shi wata bukka bayan gari aka bar shi da tulu. Baba Sodangi ya ajiye guga ya bi shi, yana ɗura masa kunu, yana juya shi, yana rera masa waƙoƙin yabo da muryar nan tasa da ba ta taɓa bin hanya ba. Sahabi ne ke kai musu romo ya ajiye daga nesa, shi ne kuma ya ba mu labari. Ladipo ya tashi da zane a fuska, amma ya tashi. Akwai wanda Baba ya janyo daga gidan caca da kunne. Akwai waɗanda ya koya wa karatun Littafi Mai Tsarki a gindin tsamiya da la'asar, yau wasunsu akawu ne, suna wuce shi a kan keke, in sun gan shi su diro su durƙusa.

Kai ne uban marasa uba, Baba Sodangi. Kai ne ka mai da rumfar fatu ta zama gida. Amma jinjinar da ta rufe ciwo ba ta cika ba, kai kuma ba ka son ƙarya, don haka bari a faɗi sauran.

Baba Sodangi yana da ɗa guda, Barnaba, baduku ne, hannunsa kuwa yana da kyau a jar fata. Uwarsa ta rasu yana goye, Dije matar Sahabi ta raine shi. Barnaba ɗan fari ne. Baba kuwa, duk da shekarun da ya yi a kudu, duk da baftismarsa, ya dawo da kunyar ɗan fari yadda ya bar ta a ƙauyensu. Ba ya kama sunan yaron, ba ya kallonsa ido da ido, ba ya cin abinci kwano ɗaya da shi. In ya zama dole ya ambace shi sai ya ce "yaron gidan nan". Hausawa da Fulani da yawa haka suke yi, ba kuma wanda ke ganin laifinsu. Sai dai su ba sana'arsu ba ce kiran sunayen 'ya'yan mutane.

Haka Barnaba ya tashi, kishi na cinsa. Kishi kuwa na gaske, mai hana barci. Yana gani ubansa zai dafa kan Ladipo yana nuna masa baƙaƙe, suna dariya, shi da ya shigo sai dariyar ta ɗauke, tsoho ya sunkuyar da kai yana gyara zaman hula. Da zazzaɓi ya kwantar da shi yana yaro, daga bakin ƙofa uban ya tsaya yana tambayar Dije yaya jikin yaron gidan nan. Amma Ladipo an bi shi har bukkar agana. Ranar auren Ladipo kuwa Baba ya tuɓe babbar rigarsa, wadda ba shi da kamarta, ya sa masa a gaban jama'a. Barnaba yana tsaye a bayan rumfa. Ya ce a ranar ji ya yi kamar an tuɓe shi ne aka sa wa wani.

Bai yi faɗa da kowa ba. Ya kama ɗaki a wajen majema, a kan hanyar da uban ke bi, ya daina zuwa sujada. Ba imaninsa ne ya tafi ba, yana addu'arsa a ɗaki. Rantsuwa ya yi a ransa cewa ba zai ƙara taka rumfar nan ba sai an kira shi yadda ake kiran kowa. Kowace Lahadi yana kwance ido biyu, yana jin sandar tana matsowa, yana jin sunaye ɗaya bayan ɗaya. In ta iso ƙofarsa sai ta tsaya. Tsoho ya yi tari, ya ɗan jima, ya wuce. Ƙato mai gemu, mai yara a ƙarƙashinsa suna koyon ɗinki, sai ya ja bargo ya rufe fuska. Muna yi masa dariya a lokacin, Allah ya yafe mana, don abin ba na dariya ba ne.

Bana da ƙafafun Baba suka kumbura, aka yanke cewa zai yi zagayensa na ƙarshe, daga nan Ladipo ya karɓi sanda. Da labarin ya iske Barnaba, sai ya ɗaure kayansa. Fataken fata za su tashi Kano ranar Litinin, ya ce da su zai tafi, kuma ba zai dawo ba. Sahabi ya ji, ya tako har rumfar da Barnaba yake ɗinki.

Ya ce, "Ɗana, haukan mi kaka yi? Ɗan hwari kake. Ni nan da kaka gani, Tukur nawa ya yi hurhura, ban taɓa kama suna nai da bakina ba. Kunya ta, ba ƙiyayya ba."

Barnaba bai ɗago daga ɗinkin da yake yi ba. Ya ce, "Na ji, Baba Sahabi. Amma kai ba ka bin gari kana kiran ɗiyan wasu cikin kunnen Tukur. Ni kowace Lahadi sai in ji sunan kowa, har na yaron da yaz zaka jiya. In shina da baki ga Ladipo, shina da baki gare ni."

Sahabi ya miƙe. Ya karkaɗe riga, ya tafi wajen abokinsa Baba Sodangi. Abin da suka tattauna ba wanda ya ji. Dije dai ta ce Baba Sodangi bai taɓa tuwonsa ba ran nan.

Ranar Lahadin, Sahabi ya ba da aron jakinsa, don tsoho ba zai iya takawa ba. Barnaba ya kasa kwanciya ya jira tarin nan na ƙarshe. Ya fito ya nufi gidan uban, yana ce wa kansa sallama kawai zai yi. Da ya karyo kwana sai ya tarar Ladipo ya rungumi Baba yana ɗora shi a kan jaki, hannun tsoho a kafaɗarsa, ga igiya a ɗaya hannun Ladipo. Abin ya taso wa Barnaba har wuya. Bai san sa'ad da ya isa wurin ya fizge igiyar ba.

Ya ce, "Saki! Uban wa na?"

Ladipo ya dube shi, ya saki. Ya ce, "Naka ne, ƙanena. Riƙe."

Baba Sodangi ya kafa ido a kunnen jaki. Aka kama hanya, ɗa a gaba da igiya, uba a sama da sanda, Ladipo a baya.

Kada wani ya ce zagayen nan ya sanyaya wa Barnaba zuciya. Ƙara hura ta ya yi. A da daga nesa yake jin kiran, yau a kan kunnensa ake yi. Yana jin yadda muryar ke laushi a kan kowane suna, yadda tsoho ya san wanda ya yi faɗa da ubangidansa, da wanda uwarsa ba ta da lafiya a garinsu, da wanda ya koma wa kwalba. Samari suna fitowa suna kama ƙafar Baba, wasu suna kuka don sun san yau ce ta ƙarshe, suna bin jakin a baya har suka zama ayari. Barnaba yana jan igiya da ƙarfin da ya fi na buƙata, jakin Sahabi ne ya sha wahalar kishin ran nan.

Da suka iso wajen majema rana ta fara leƙowa. Ga ƙofar Barnaba, asabari a sake, ƙunshin kayansa yana leƙe daga ciki. Ya ƙara sauri don a wuce. Sai tsoho ya yi magana, ba da kowa ba, da iska.

"A tsaya."

Aka tsaya. Kowa a wurin ya san ba kowa a ɗakin, mai ɗakin ga shi nan riƙe da igiya. Baba Sodangi ya kau da fuska daga ɗansa, ya fuskanci ƙofar sosai. Ya miƙa sanda ya buga ƙasa. Ya yi tarin nan nasa. Muka zaci zai ce a wuce. Gumi yana tsattsafo masa da sanyin safiya. Mutumin da ya shiga bukkar agana bai ji tsoro ba, ga shi yana kyarma a gaban asabari.

"Barnaba!"

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ta wanda ya daɗe bai sha ruwa ba. Ba a amsa ba. Barnaba yana tsaye riƙe da igiya. Tsoho ya sake buga sanda, wannan karon ya ɗaga murya yadda duk layin ya ji.

"Barnaba ɗan Sodangi! Lahadi ta. Taso, ana jiranka."

"Na'am, Baba."

Baba bai waiwayo ba. Hawaye na bin gemunsa, idonsa na kan ƙofar. Ya ce, "To, madalla. Mu tahi."

Fatake sun tashi ranar Litinin ba Barnaba. Ba za mu ce kishin ya mutu ba, don har yanzu suna ja-in-ja da Ladipo a kan wa zai ɗauki sanda, sai da aka raba musu gari, ɗaya ya fara daga Bariki, ɗaya daga majema. Baba kuwa yana zaune a bakin rumfa kowace Lahadi, ƙafa a miƙe, yana duban wa ya zo wa bai zo ba. Bai ƙara kama sunan ba tun ran nan, Barnaba kuma bai nemi ƙari ba.

Mun gode, Baba Sodangi. Mun gode da takun da ka yi saboda Almasihu a garin da ba ka da dangi sai mu. Mun gode da sunayenmu da ka riƙe a lokacin da ba mai riƙe su. Fiye da duka, mun gode da kira ɗayan nan da ya fi maka bukkar agana wuya, ka kuwa yi shi a gaban yaran da ka yi rainonsu. Allah ya huta da gajiyarka, ya sassauta maka ƙafa. Ku samari, ga sanda nan, gari kuma cike yake da baƙin yaran da ba mai kiransu, ku tashi ku bi ƙofofi. Ku kuma iyaye masu hidimar 'ya'yan jama'a, wanda yake da nasa a gida kada ya jira sai an ɗora shi a kan jaki.