Hannun Mai Kitso

Bismillahi. Labarin babbar 'yata zan ba ku, wadda duk layinmu ake kira Mai Kitso.

Tun tana ƙarama hannunta yake da albarka. A ƙofar ɗakinta take ajiye kujera da tabarma, mata su yi layi, ita kuwa tana kitso tana tsokanarsu. "Ke wannan kan naki sai an nemo garma," haka take ce wa maƙwabciyarmu, a yi ta dariya. Da wannan sana'ar ta riƙe 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta.

Sai hannun ya fara ƙi. Da asuba yatsun su sandare, su kumbura, sai na jiƙa mata su a ruwan ɗumi kafin ta iya alwala. Daga yatsu ciwon ya koma gwiwa. Muka je kemis, muka je wurin likitan ƙashi, ya ɗauki hoto ya ce babu abin da ya karye. Wata nas da take zuwa kitso ce ta ce mana akwai likitan gaɓoɓi daban, shi ya san ciwon da jiki yake juyowa yana cin gaɓoɓinsa da kansa. A babban asibiti yake, kuma sai an jira. Muka jira wata da watanni, ina ta addu'a.

Ranar da aka ba mu, da rana tsaka muka shiga, lokacin da jikin yakan ɗan sake ta. Ta saka dogon hijabi, hannuwan suna ciki. Likitan yana zaune, ga ɗalibai maza tsaye a bayansa.

"Baiwar Allah, yaya jikin?"

"Alhamdu lillahi, da sauƙi."

"Kina iya aikinki?"

"Ana taɓawa, likita."

Ana taɓawa! Matar da rabonta da riƙe mataji har ta manta. Amma haka muke. Mai ciwo ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin mutum, ko yana mutuwa da sauƙi zai ce. Na ga likita ya duba hoton ƙashin, ya fara zancen maganin rage zafi, a dawo bayan wasu watanni. Idan muka fita a haka, hannun nan ya tafi ke nan.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ɗana, ba sauƙi. Ni nake mata wanka. Ni nake ɗaura mata zane. A zaune take sallah. In za ta zaga bayan gida, ni nake riƙe mata buta."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Mace mai 'ya'ya, da jika a hanya, na kwance mata zane a gaban maza. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ko motsi ba ta yi ba.

Likita ya ajiye biro. Ya sallami ɗaliban, ya kira nas mace.

"Mama, na gode. Baiwar Allah, fito da hannuwan in gani."

Ta fito da su a hankali, kamar kayan sata. Ya danna gaɓa ɗaya, ta runtse ido. Ya tambayi tsawon lokacin da suke yi a sandare da safe, wannan karon ta faɗi gaskiya, murya ƙasa-ƙasa. Ya rubuta gwajin jini, ya ce a yi a ranar, mu dawo mako mai zuwa a fara magani na sosai. Ya ce yatsun da suka lanƙwashe ba lallai su miƙe ba, amma sauran ana iya ceto su, in Allah ya yarda.

A mota fuskarta na wajen taga. Sai da muka kusa gida ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Inna, har da butar?"

Na ce, "Har da ita. Ki yafe mini."

Muna isa ta sauka, ta shige ɗakinta. An fara maganin, kumburin yana sauka, mun gode Allah. Amma har yau in za a koma asibiti, ƙanwarta take kira ta raka ta.