Hannun Bayan Labule

A ƙaramar sakandaren da ke bayan tashar mota akwai wani malami da yara suka laƙaba wa suna Malam Gumi. Shi ke koyar da 'yan aji biyu darasin sana'o'i: yadda mutum ke zaɓar aiki, yadda yake samun na cefane, da abin da hukuma ke karɓa daga ciki. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Ba ya rufe darasi sai ya ce duk abin da gumi ya kawo ba abin kunya ba ne, yaran kuma su riga shi ƙarasa maganar.

Ɗan mai wanki da guga ne. Na san uban. Ya ƙare rayuwarsa a wani ɗan shago a layin masu gyaran babur: kanta a gaba, teburin guga a baya, labule a tsakani. Da ya sa ɗan a makaranta, roƙo ɗaya ya yi masa, kada ya sake ganin dutsen guga a hannunsa. Yaron ya ji magana, ya zama malami.

Tsohon ya rasu, aka rufe shago. 'Ya'ya suka zo, albashi ya riƙa ƙarewa wata na tsakiya. Matar Malam Gumi ce ta fara taɓo zancen.

"Abban yara, dutsen can tsatsa yake yi. Mu ma mun kusa."

"In iyayen ɗalibaina suka gan ni fa?"

"Ni su gan ni. Ni ba ni da ajin da zan shiga gobe."

Haka aka yi. Ita ta zauna a kanta, tana karɓar kaya tana bayarwa. Shi kuma in an tashi daga makaranta sai ya zagaya ta lungu, ya shiga ta ƙofar baya, ya rataye rigar koyarwa a ƙusa, ya hura gawayi. Hannun uban ya gada. Karin da yake yi wa hannun riga, siriri daga kafaɗa har wuyan hannu, babu mai irinsa a layin.

Mai karɓar harajin shaguna wani dattijo ne mai barkwanci, ana ce masa Baban Rasit. Yakan zo da yamma, daidai lokacin da matar take komawa gida ɗora tukunya. Malam Gumi bai taɓa ƙin biya ba. Ta gefen labule dai yake miƙo kuɗin.

"Mai guga, yau ma ba za a fito a gaisa ba?"

"Wuta za ta mutu, Baba," yakan ce, da murya ƙasa-ƙasa.

Da zango ya kai kan darasin haraji, shugabar makaranta ta ce allo kaɗai ba ya isa, za ta gayyato mai aikin da kansa. Ba ta faɗi ko wane ne ba. Ranar ta shigo aji da Baban Rasit a bayanta, ta gabatar da shi, ta fita. Malam Gumi ya gaishe shi da ka, littattafai rungume a ƙirji.

Tsohon ya iya yara. Ya tambaye su wa ya saya musu kujerun da suke kai. Wani daga baya ya ce, "Babu wanda ya saya, Baba, ko kujerun ba su san ranar da aka haife su ba." Aka yi dariya. Ya ce to ko tsofaffi ne, mai shayi da tela da mai faci ne suka haɗa aka saya. Ya ba su labarin masu rufe shago in sun hango shi, da wadda kullum take cewa mai shagon ya fita alhali ita ce mai shagon.

"Amma akwai wani," in ji shi, "mai guga. Bai taɓa sa na dawo ba. Sai dai ban taɓa ganin fuskarsa ba. Hannu kawai nake gani ta labule, da tabon ƙuna nan gindin babban yatsa, kamar jinjirin wata. Ni da hannun nan mun saba, har gaisawa muke yi."

Aji ya kaure da dariya.

"Ƙila mummuna ne!"

"Ƙila surukinka ne, Baba, yana jin nauyinka."

Malam Gumi yana gefen allo, ya ajiye littattafan, yana rubuta abin da baƙon ya faɗa. Allin ya tsaya. A hankali ya sauke hannun, ya sa a aljihu.

Wata yarinya a layin gaba, 'yar mai sayar da katako, ta ɗaga hannu. Ba baƙon ta kalla ba.

"Malam, kai ka ce abin gumi ba abin kunya ba ne. To shi me yake ɓoye wa?"

Baban Rasit ya juya don ya ji amsa. Ya dubi fuskar, ya dubi aljihun, ya ɗan daɗe a kan aljihun. Sai ya gyara hularsa.

"'Yata, ɗakin guga zafi gare shi. Mutum yakan tuɓe riga. Ina jin shi ke nan."

Malam Gumi ya ce, "Kun ji." Aka kaɗa ƙararrawa bai rufe darasin da maganar da ya saba ba, yaran suka jira, suka gaji, suka fita. Yarinyar ce ta ƙarshe. Ta goge masa allo ba tare da ya sa ta ba.

Ya yi ta jiran maganar ta fashe. Ya jira a raɗa masa sabon suna, ko shugaba ta kira shi ofis. Shiru.

A ƙarshen mako matarsa ta ɗaga labule da ƙullin kaya a hannu.

"Ka ga wani ciniki. Rigunan makaranta ne, farare. Yara ne suka yi ta kawowa, wai iyayensu suka aiko su. Ko ciniki ba sa yi."

Ya kwance ƙullin. Ya san rigunan. Ya san mai yagaggen aljihu, ya san mai tawada a wuyan hannu. Ya tsaya har gawayin ya fara toka.

"A mayar musu?" ta tambaya.

"Miƙo ruwan sitaci."

Ranar Litinin ya shiga aji, suka miƙe gaba ɗaya. Kusan rabin ajin da siririn kari daga kafaɗa har wuyan hannu.

"Ina kwana, Malam."

Babu wanda ya yi murmushi. Ya ce su zauna. Ya juya ga allo da alli a hannu, ya daɗe bai juyo ba.